Ludayin da Layinsa Ya Zo

Wani dare cikin damina, an idar da sallar isha'i ba da jimawa ba, Halidu na zaune bakin tabarma yana warware rawaninsa sai ya ji ƙwas a bayan bango. Ya tsaya da hannu a sama. Shiru. Can sai ya sake jin ƙwas, wannan karon da ɗan amo, kamar an dire kwano bisa tsakuwa. Daga nan wani abu ya gangara ƙululu ya tsaya, sai takun mutum yana nisa cikin rairayi.

Matarsa Hawwa'u ta ce akuyar Mamani ce ta tsinke igiya. Halidu ya ce shi dai bai taɓa ganin akuyar da ke ajiye abu a hankali ta yi tafiyarta ba. Ya ɗauki fitilar hannu ya fita.

Gidansa bango ɗaya ne da wani ƙaramin gidan likita da ke gefen garin Dakoro, inda ya yi shekara goma sha tara yana gadi. Wurin ƙofa biyu gare shi: babba ta motoci can wajen hanya, da ƙarama ta cikin lungu wadda masu jinya ke bi. Ƙaramar ce kusa da ɗakinsa. Da ya haska gindin bango sai ya ga abubuwa jere reras, tun daga bakin ƙofar har zuwa gindin bishiyar bedi, wato dogon yaro. Gwangwanin tumatir cike da rairayi. Ƙahon bijimi. Ɓarin tukunya, takalmin roba ƙafa ɗaya, murfin buta, kwaɗo marar mabuɗi, har da muƙamuƙin jaki da sauran haƙora uku a jiki. Ya ƙirga, goma sha ɗaya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo, don shi mutum ne da baƙon abu ke riƙewa. Har ya fara karatu yana tofawa, yana tsammanin sammu aka yi wa gidan likita.

Sai ya ji tari a bayansa. Mamani ne, maƙwabcinsa kuma taubashinsa, wanda ke tufkar igiya yana kaiwa kasuwar dabbobi.

"Lokotoro Agogo, bar tofe-tofen ga," in ji Mamani. "Ƙahon na matata ne. Layin gobe ne sunka kama. Tunda ka hana su shiga, ai sai su aiko da wakilai."

Dakoro ba garin dutse ba ne. Da a wani wuri ne da duwatsu za a jera, amma a nan abin da mace ta tsinta a tsakar gidanta shi ne dutsenta.

Yadda aka yi har Halidu ya hana mata shiga, kuma har ya sami sunan Lokotoro Agogo, ga shi.

Farkon daminar, wata farar mota ta kawo wata lokotoro, wato likita, daga Maradi, sunanta Halimatu Sa'adiya. Ta zo ba ma'aikatan gidan likita horo na kwana biyar, abin da su suke kira formasiyo. Ba ta zo da magani ba, ba ta zo da gado ba. Manyan takardu ta kawo, da alƙaluma masu launi, da wata dabara guda wadda ta yi ta maimaitawa har Halidu ya haddace ta ta taga: a zaɓi damuwa ɗaya, a auna ta da ƙidaya, a canza abu ɗaya ƙarami, a sake aunawa. In an ga gyara a riƙe, in ba a gani ba a yar a gwada wani.

Ta tambaye su abin da ke kashe yara a nan. Majo Saminu, shugaban wurin, ya ce ƙarancin ma'aikata. Wani ya ce uwaye ba sa kawo yaro sai ya gama galabaita. Sai Rahinatu, ƙaramar ma'aikaciyar jinya wadda ba ta cika magana ba, ta ce jira. Ta ce yaro kan iso da hantsi, hannun ma'aikaci bai taɓa shi ba sai bayan azahar, wani ma a kan benci yake cikawa. Lokotoro ta rubuta kalmar da jan alƙalami ta zagaye ta. Aka tsai da magana: daga shigowar yaro ƙofa zuwa lokacin da ma'aikaci zai ɗora masa hannu, kada ya wuce minti talatin.

To wa ya san lokacin da yaro ke shigowa ƙofa? Mai ƙofa.

Rana ta uku aka kira Halidu. Shekara goma sha tara yana share ɗakin nan, bai taɓa zama kan kujerarsa ba sai ran nan. Lokotoro ta kira shi Baba Halidu. Ta tambaye shi ko ya yi lakwal, makarantar boko, ya ce shekara uku, haruffa sun gudu amma lambobi suna nan. Ta ɗaura masa agogo baƙi a hannu, ta ba shi alƙalamin bik da damin ƙananan takardu, tike ke nan. Duk yaron da ya ƙetare dokin ƙofa, ya rubuta ƙarfe nawa da minti nawa ya miƙa wa uwar. Ma'aikacin da ya karɓi yaron ya rubuta nasa lokacin a ƙasa. Sannan ta ɗauki alƙalami ta ƙara sunansa a babbar takardar bango, can ƙasa, ƙarƙashin na Rahinatu. Halidu ya gane sunansa da harafin farko mai kama da tsani. Ran nan bai iya cin tuwo ba. Ya kwanta da agogon a kunne yana sauraron tafiyarsa, yana mamakin yadda abu ke tafiya dare da rana bai isa ko'ina ba.

Kowane mako Majo Saminu kan tattara tike ya yi lissafi, ya ɗiga ɗigo a takardar bango, ya ja jan zare daga ɗigon wancan mako zuwa na wannan. Makon farko awa uku da minti goma. Ɗigon ya zauna can sama kamar shirwa. Suka gwada abin da aka koya musu. Suka matso da teburin awon yara kusa da ƙofa, suka fara aiki da wuri, suka daina neman tsohuwar takardar yaro kafin a duba shi. Zaren ya sauko zuwa awa biyu, har Rahinatu ta yi murmushi. Sai ruwa ya kankama, sauro ya tashi, masassara ta shiga yara gida-gida. Ma'aikata uku, yara ɗari da wani abu kullum, ga masu tamowa ana kawowa daga ƙauyuka. Zaren ya juya ya hau, ya wuce inda ya faro. Lokotoro kuwa ta ce za ta dawo lokacin kaka, tare da manyan baƙi, su ga zaren.

Majo Saminu ba mugun mutum ba ne. Mutum ne da bai yi barcin kirki ba tun saukar ruwan farko, idonsa kullum ja, kuma ya taɓa ba da jinin jikinsa ga ɗan wata mata da bai sani ba. Wata safiya ya kira Halidu gefe ya tambaye shi daga ina agogo ke fara ƙirga. Halidu ya ce daga ƙofa.

"To daga yau kar ka shigo da fiye da biyar. In sun fita, ka shigo da biyar. Gwaji ne, Baba, kamar yadda aka koya mana. Canji ɗaya ƙarami."

Aka gwada. Zaren ya faɗo kamar guga cikin rijiya. Minti arba'in, minti talatin, minti ashirin da biyar. Tsakar gidan likita ta zama fes, benci babu kowa, har kurciyoyi suka koma sauka. Sauran mata kuwa suna waje, cikin lungu, jikin bangon Halidu, suna faɗa kan wadda ta riga zuwa. Kwana huɗu ana cacar baki har da fizgar mayafi. A dare na biyar ne ya ji ƙwas.

Rahinatu kaɗai ta yi magana. Ta ce wa Majo jiran bai mutu ba, bayan bango aka mai da shi. Majo ya ce ta kawo masa ma'aikata biyu ya ɓalle ƙofar da hannunsa. Ta koma bakin aikinta. Amma tun daga ranar, kowace safiya kafin ta sa farar riga, sai ta fita lungu ta bi layi mace bayan mace, tana ɗaga mayafi tana duba ƙirjin yaro, tana jan fatar idonsa. Wanda ta ga ya yi nisa ta ja hannun uwarsa ciki, ko ƙahon wa ke gaba. Ta kuma koya wa Halidu alamu uku: yaron da ya kasa kama nono, yaron da ƙirjinsa ke loɓawa in ya ja numfashi, da yaron da ke barci a tashe shi ya ƙi tashi. Ta ce masa mai kuka da ƙarfi yana da sauran ƙarfi, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro.

Halidu kuwa, a faɗi gaskiya, layin ya shiga ransa. Faɗa ya ƙare. Mata da kansu suka yi wa abin doka: ba a tsallake wakilin wani, ba a ɗauke shi, in mai shi ba ta iso ba ta bayanta ta tura mata shi gaba da ƙafa. Da asuba in ya dawo daga masallaci sai ya bi su ɗaya-ɗaya yana dubawa kamar mai zagayen garke. Ya san muƙamuƙin jaki na matar mahauci ne. Ya san kwaɗon na wata ce da 'yarta ke fama da kunne. Wata rana ya tarar da kan 'yar tsana da ido ɗaya, ya wuni yana tunanin inda gangar jikin take. Har yakan ga kamar da dare, in kowa ya kwanta, suna hira a tsakaninsu kan ciwon masu su. Abin da bai cika tsayawa ya duba ba shi ne, matan gari ne ke iya ajiye wakili da dare su koma su kwanta. Wadda ta taso daga ƙauyen Ajekwariya ko na Mai Yara ko rugagen arewa, komai sammakonta, in ta iso sai ta tarar da gwangwani talatin sun riga ta, ba mutum ko ɗaya.

Da gero ya fara nuna, aka tura Rahinatu ƙauyuka rabon maganin riga-kafi na mako biyu. Kafin ta hau babur ta damƙa wa Halidu jajayen tike biyar. Ta ce in ya ga ɗaya daga cikin alamu ukun nan, babu layi, ya ba uwar ja ya buɗe mata ƙofa.

"In Majo ya yi faɗa ka ce ni ce."

Ya sa su a aljihun gaba, ya dinga taɓa su yana jin nauyinsu.

Ranar da baƙi za su zo ta faɗo ranar kasuwa. Tun jajibiri aka yi shara aka yayyafa ruwa, Majo ya ce yau ba a son kuskure. Halidu ya sa wankakkiyar riga. Ya shigo da biyar na farko, ya shigo da na biyu, yana tsaye bakin ƙofa sai ga amalanke ɗauke da tumaki za ta kasuwa ta tsaya a bakin lungu. Wata yarinya doguwa ta sauko, lulluɓe da baƙin mayafi mai shuni, da goyo a ƙirji ƙarƙashin mayafin. Da gani daga arewa take, kuma a hanya ta kwana. Halidu ya kalli agogo, don hannunsa ya riga ya saba. Bakwai da minti arba'in.

Ta nufo ƙofa kai tsaye, ta taka gwangwanin wata ba ta sani ba. Mata suka yi mata ca. Ta tsaya tana kallonsu, Hausarta ba ta da yawa. Halidu ya tsawatar, ya yi mata bayani a hankali yana nuna layi da hannu: ta ajiye wani abu nata can ƙarshe, ta zauna, za a zo kanta. Ta duba hagu ta duba dama, ba ta ga abin ajiyewa ba. Sai ta zura hannu cikin jakar fata ta ciro ludayin icce, baƙi, mai zane a mariƙi, wanda nono ya sa bakinsa sheƙi. Ta ajiye shi bayan wani ɓarin kasko. Na talatin da huɗu. Inuwar bedi ta ƙare tun a na ashirin, don haka a rana ta zauna.

Ya tambaye ta sunanta, ta ce Fadimata. Ya tambayi sunan yaron, sai ta kau da kai ta ja mayafi. Matan kusa suka yi dariya suka ce ɗan fari ne, Baba, ko yanka ta za ka yi ba ta faɗa.

"To yaya jikin nasa?"

"Da sauƙi," ta ce, ba ta ɗago ba.

Abin da kowace 'yar mutunci za ta ce ke nan, balle a kan ɗan fari, balle ga namijin da ba ta sani ba. Halidu ya san haka. Ya tsaya yana kallon abin da ke iya ganuwa: ƙafa ɗaya ƙarama ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi, da zaren fata a idon sawu. Ƙafar ba ta motsi. Ƙuda ya sauka a kanta ya yi tafiyarsa ya tashi don kansa. Alamun Rahinatu uku ne, kuma duka ukun suna ƙarƙashin mayafin nan: nono, ƙirji, ido. Dattijo mai shekara sittin ba ya ɗaga mayafin matar mutane a tsakiyar lungu. Bakinsa ma ya ƙi furta tambayar nono. Ya ce a ransa bari ya kira Hawwa'u, ita mace ce, ta leƙa ta gaya masa. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa jan tike, ya yi taku uku zuwa ƙofar gidansa.

Sai odar mota ta tashi daga wajen hanya, sau biyu, doguwa. Baƙi sun iso babbar ƙofa, kuma mabuɗinta na wuyansa.

Ya juya. Ya shigo da biyar na gaba da sauri, ya rubuta musu lokaci, ya ja ƙaramar ƙofa ya sa mata sakata ta ciki kada a kutso a ba su kunya. Ya ratsa tsakar gida da gudu-gudu ya buɗe wa motoci uku. Ya ce a ransa minti goma ne.

Da aka gama gaisawa ya juya zai koma, sai lokotoro Halimatu Sa'adiya ta hango shi. Ta ce a'a, Baba Halidu ba ya tafiya, shi ne ma wanda take son baƙi su gani. Aka shigar da shi ɗaki aka zaunar da shi kan kujera. Majo Saminu ya tsaya gaban takardar bango da sanda yana bayani da Faransanci, yana bin jan zare daga sama har ƙasa. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai. Da ya zo kan biyar-biyar ya ce dabara ce ta rage cunkoso, lokotoro ta rubuta a kayenta, littafin rubutunta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Tana da wasu gidajen likita uku da za ta kai baƙin kafin faɗuwar rana, ga tari na damunta, ba ta tambayi inda na shida ke zama ba. Aka sa Halidu ya nuna yadda yake rubuta tike. Aka tafa masa. Aka tsai da shi kusa da sunansa aka ɗauki hoto, aka ce ya ɗaga hannu agogo ya fito. Aka miƙo masa lemo mai sanyi. Shi kuwa idonsa na kan allurar agogo: tara da rabi, goma, goma da kwata. Biyar ɗin da ke ciki an gama da su tuni an fitar da su ta babbar ƙofa, benci ya zama wayam, wani baƙo har ya ɗauki hotonsa.

Can lokotoro ta juyo gare shi ta koma Hausa.

"Baba, kai ne idonmu a ƙofa. Akwai abin da kake gani wanda mu ba mu gani?"

Kowa ya juyo yana kallonsa. Halidu ya ji jajayen tike a ƙirjinsa kamar garwashi. Maganar ta zo masa har baki: mutum talatin da wani abu a bayan bangon can, da wata ƙafa da ƙuda ya yi tafiya a kanta. Ya dubi Majo. Majo bai harare shi ba, da ma ya harare shi da ya fi. Kallonsa kawai yake da jajayen idanun nan, kallon mai roƙo. Ya dubi takardar bango, ga harafinsa mai kama da tsani.

"Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe. Aiki na tafiya."

Aka sake tafawa.

Sha biyu saura minti goma ya rufe babbar ƙofa bayan mota ta ƙarshe. Bai tsaya sa kwaɗo ba. Da ya zare sakatar ƙaramar ƙofa ya yi tsammanin za a taso masa da zagi, kusan awa huɗu ba a shigar da kowa ba. Babu wadda ta ce uffan. Mata na zaune kowace ta rungume nata, har masu kuka an rufe musu baki da nono. Can ƙarshen layi ya ga Hawwa'u tsaye da matar Mamani.

Matar Mamani ce ta gaya masa. Ta ce ta ga rana ta yi wa yarinyar yawa, ta kai mata ruwa, ta ce ta ba yaron ya kurɓa. Da ta ɗaga mayafin sai ta tarar ya riga ya fara sanyi. Sun buga ƙofa, sun buga, ba a ji ba, ana tafi a ciki. Uwar ba ta yi kuka ba. Ta gyara masa zane, ta mai da shi ƙirjinta yadda ta zo da shi, ta miƙe ta bi hanyar kasuwa neman mai amalanken da ya kawo ta.

Halidu ya bi ta. Ya shiga kasuwar dabbobi da wankakkiyar rigarsa, yana ratsa raƙuma da shanu, yana leƙa fuskar duk mai baƙin mayafi. Ranar kasuwa masu baƙin mayafi sun fi a ƙirga. Bai ma san abin da zai ce mata ba in ya gan ta. Ya dawo ya buɗe ƙofa ya ci gaba da shigo da biyar-biyar har magariba, kowace mace na ɗauke wakilinta in ta shiga.

Da yamma ya sami Majo Saminu shi kaɗai a ofis ya gaya masa duka, har da taku ukun da ya yi ya juya. Majo ya dafe kai. Sannan ya jawo babban kaye inda ake rubuta yaran da suka rasu, ya buɗe, ya cire murfin bik.

"Ya shigo?"

"A'a."

"Ka ba shi tike?"

"A'a."

"Sunansa?"

Halidu ya ce uwar ba ta faɗa ba. Majo ya bi shafin da ido daga wannan gefe zuwa wancan. Akwai gidan suna, gidan lokacin shigowa, gidan ciwo, gidan wanda ya duba. Babu gidan da yaron zai shiga. Ya mai da murfin bik ya rufe kayen a hankali. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ce gobe za su duba abin da za a canza. Ɗigon makon nan minti ashirin da biyu ne, ba a taɓa samun kamarsa ba. Kafin Halidu ya fita Majo ya ƙara gaya masa, yana kallon tebur, cewa baƙi sun yaba ƙwarai. Za a ɗauki Rahinatu daga ƙauye kai tsaye zuwa Maradi, a haɗa ta da masu koyar da wasu, kuma dabarar biyar-biyar za a kai ta gidajen likitan karkara su ma su gwada.

Hawwa'u ta ajiye masa tuwo, ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ta ce da ya ɗaga murya daga inda yake ai da ta ji, tana tsakar gida tana tankaɗe. Ya kwance agogon ya tura shi ƙarƙashin tabarma, amma ta cikin kaba ma ana jin tafiyarsa.

Da asuba ya ɗaura shi, don bai san wani abin yi ba. Da gari ya waye ya zare sakata ya tsaya bakin ƙofa da bik da damin tike. Layin yau ya fi na jiya tsawo, ya wuce bedi ya karya kwana. Sai ya ga abin da ke gabansa.

Jiya kowa ta ɗauke nata, saura ludayin. Ba a ɗauke wakilin wani, kuma in mai shi ba ta nan ana tura mata shi gaba. Haka aka yi ta tura shi da ƙafa har ya iso dokin ƙofa, masu zuwa da dare kuma suka jera nasu a bayansa. Yana nan kwance, raɓa ta jiƙa shi, bakinsa na sheƙi. Shi ne na ɗaya.

Matan suna tsaye da 'ya'yansu, wadda ke ta biyu ta ƙi matsowa. Wasu sun san labarin, wasu jira kawai suke mai ludayi ta fito. Wani yaro can baya yana tari.

Mamani ya fito daga gidansa da damin igiya a kafaɗa. Ya tsaya ya dubi ludayin, ya dubi matan, ya dubi taubashinsa. Yau bai ce Lokotoro Agogo ba.

"Halidu," ya ce, "mai wanga ludayi layinshi ya zo. Ƙarfe nawa za ka rubuta mashi?"